Ƙulli Goma Sha Ɗaya a Zaren Iya

Lahadi

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon bayan nan naki, ya yi sauƙi? Allah ya ƙara afuwa. Mu ma nan lafiya lau, sai godiya. Na rubuto ne maimakon in kira ki, don in na ji muryarki kuka zan yi, ba zan faɗi abin da ke raina ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda karatuna ya tsaya.

Yaya, Manaja ya yi magana. Amma ba da ni ya yi ba.

Ranar Alhamis aka sallame mu daga aiki da wuri saboda famfon kicin ya fashe. Na iso gida wajen ƙarfe uku da ayaba biyu da na sayo masa. Kin tuna ɗakin Iya Mai Saƙa, na ƙarƙashin matakala, inda nake barinsa in zan tafi aiki? Labulenta a ɗage yake. Ina cire takalmi sai na ji wata 'yar murya mai ɗan dishi, kamar ta wanda ya tashi daga barci, ta ce, "Iya, bu." Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Na zaci jikan wani ne aka kawo. Da na leƙa, su biyu ne kawai a ɗakin. Ya tura mata bokitin robar nan mai murfi da take zuba dunƙulen zare, yana kallon fuskarta.

Yadda ta karɓi maganar shi ya kashe min jiki. Ba ta yi salati ba, ba ta yar da saƙa ba, ba ta kira kowa ba. Cewa kawai ta yi, "Buɗe. To, Iya ta buɗe," ta ɓalle murfin ta ci gaba da aikinta. Wanda ya ji abu karon farko ba haka yake yi ba. A tsayen nan na gane ɗana ya daɗe yana magana a gidan nan, ni ce kawai ban sani ba.

Na shiga ko sallama ban yi ba. Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce yau kwana goma sha shida. Wai ta ɓoye ne don tana so ya fara yi min da kansa, in ɗauka ni ce ta farko da ta ji, don ta san abin da hakan zai zama a wurina. Sai ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta zaro wani jan zare mai ƙulle-ƙulle. Tunda ba ta iya rubutu ba, duk kalmar da ya faɗa sai ta ƙulla. Ta riƙa bin su da yatsa tana faɗa min: bu, Iya, zo, mota, zafi, a'a, sama, mage. Sauran ban ji su ba, kunnena ya toshe. Ƙulli goma sha ɗaya ne. Na ƙirga su da idona.

Ke shaida ce a kan wahalar da na sha. Yaron nan yana da shekara biyu da wata bakwai, ko "Umma" bai taɓa cewa ba, nuni kawai yake yi. Babansa, Allah ya jiƙansa, shi ya sa masa Manaja, wai manya ba sa wahalar da baki, yatsa suke ɗagawa a kawo musu. Da abin dariya ne. Da aka auna kunnensa aka ce lafiya lau yake ji, aka tura mu wurin Malamar Magana a asibitin yara. Ta ce min ita minti arba'in kawai take ganinsa duk mako biyu, ni ce nake tare da shi kullum, don haka ni za ta koya wa, ni ce maganin. Wata uku ina hawa mota biyu zuwa, mota biyu dawowa. Ta ce in zauna a ƙasa idona ya daidaita da nasa. In bi abin da yake kallo, kada in janye shi zuwa abin da ni nake so. In kira sunan abin a taƙaice. In yana son abu kuma, in dakata in ƙirga goma a zuci kafin in ba shi. Ta ba ni takarda mai layi-layi, in rubuta duk kalmar da ya faɗa da ranar da ya faɗe ta. Na manna ta a bango kusa da madubi. Fara fat take har yau.

Kuma ni na koya wa Iya duk wannan! Da bakina na zauna na yi mata bayani, tana dariya tana cewa ita ai zaman ƙasa ba sai an koya mata ba, gwiwoyinta sun riga Malama ba da umarni. Ko ƙofar asibitin ba ta sani ba.

Na ɗauke shi muka hau sama. Na sa 'yar motarsa a gwangwanin madara na rufe, na zauna a ƙasa kamar yadda aka ce. Ya kawo min gwangwanin, ya dube ni, na gane abin da yake so, na buɗe masa. Bai ce komai ba. Na yi ta cewa "buɗe, buɗe" har na ji kamar mahaukaciya. Motarsa kawai yake turawa a kan ƙafata.

Na san ya kamata in yi sujada in gode wa Allah, kuma na yi. Amma ina ɗagowa na tarar kishi yana nan bai gusa ba. Ni na yi naƙudarsa, ni na yi goyonsa ina jinyar ubansa. Sunan da ya fara fita daga bakinsa na maƙwabciya ne. Ayabar ma a ɗakinta na manta da su, na kasa komawa in ɗauko.

Ki gaida yara, ki ce ina kewarsu. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta


Talata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Na ji an cire wa 'yar autarki haƙori, Allah ya sa ta daina kuka. Wasiƙarki ta iso, na karanta sau uku.

Kin ce in ji tsoron Allah, in sayi ko sabulu ne in kai wa baiwar Allah in gode mata. Kin ce yaro ya yi magana, wannan shi ne labari, sauran duk shirme ne. Gaskiya kika faɗa. Amma naki huɗu ne, Yaya, kuma kowannensu da "Mama" ya fara, har kina ƙorafin sun cika ki da kira. Ni ɗaya gare ni, kuma ba wani mai zuwa.

Gara ki ji daga bakina. Na daina kai shi ɗakin Iya, yau kwana tara. Na ce mata ina tausayin gwiwarta ne, yaron ya yi ƙiriniya da yawa. Ta dube ni ta ce to, Allah ya raya shi. Da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Shugabar kicinmu ta yarda in riƙa zuwa da shi. Akwai wani lungu a sito, tsakanin buhunan shinkafa da firiji, na shimfiɗa masa kwali da zane. Daga wurin rabon abinci ina hango shi. Kin san Walƙiya suke kirana a ɗakin cin abincin ma'aikata, don kafin mutum ya buɗe baki na ajiye masa abin da yake so: wannan ba ya cin yaji, wancan cokali biyu na sukari, wancan ruwa mai sanyi. Yanzu in layi ya ragu sai in ruga in zauna da shi minti biyar. Matan kicin kuwa sun mai da shi sarki, ya ɗaga yatsa su uku su tashi.

Na je kasuwa na sayi bokiti irin nata sak, shuɗi mai farin murfi, har da dunƙulen zare uku, ni da ban iya saƙa ba. Ki yi dariya in kina so. Na ce ko sirrin a bokitin yake. Da na wanke kayansa na ji warin man zafin da take shafa wa gwiwa a jikin rigarsa, sai da na sake wanke ta sau biyu. In za mu wuce ƙofarta da safe nakan ɗauke shi in juya fuskarsa wajen bango, in yi sauri. Shi kuma sai ya murɗe wuya yana kallon labulen har mu fita.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Washegarin ranar da na daina kai shi, na tarar da jan zaren nan a rataye a hannun ƙofata. Matar da take ɗaukar rabin sa'a kafin ta hau matakala goma sha biyu, ta hau don ta kawo min. Na zauna na tuno kalmomin da ta faɗa, na rubuta takwas a takardata, na ƙirƙiro musu ranaku. Ranar Alhamis na kai wa Malama. Ta tashi daga kujera ta rungume ni. Ta ɗaga takardar ta nuna wa sauran iyaye mata biyar da muke zama tare, ta ce su dubi abin da haƙurin uwa yake yi. Suka tafa min. Wata mai 'yan biyu ta riƙe hannuna tana tambayar yadda na yi. Na ce mata a dai yi ta jira. Ni na faɗi haka, Yaya, da bakin nan nawa. Kuma daɗi na ji, wallahi daɗi na ji har muka hau mota.

Kada ki sake yi min wa'azi a amsarki, na san duk abin da za ki ce. Ki bar ni in gwada. Wata ɗaya kawai nake so, ni da shi, ba kowa a tsakani. In ya iya kiran ta, zai iya kirana.

A gaida maigida.

Taki,
Auta


Jumma'a

Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kin wuni lafiya, ke da iyali duka. Na gode da ba ki yi min faɗa ba a wasiƙar da ta zo. Layi huɗun nan da kika rubuto sun fi faɗan zafi. Mu muna nan, jiki lafiya.

Watan da na roƙa ya cika. Ba ƙari ko ɗaya, kuma waɗanda yake da su ma sun tafi. Da a sito nakan ji shi yana cewa "mota" shi kaɗai. Yanzu ko wannan babu. Ya koma nuni da ƙugi, in ba a gane ba ya kwanta a ƙasa yana buga kai. Ranar Asabar ina shanya a bayan gida na neme shi na rasa. Na same shi tsaye a ƙofar Iya ya riƙe gefen labule, bai shiga ba, bai yi kuka ba. Ta tafi asibitin ƙashi ranar, ɗakin a kulle. Tsayuwa kawai yake yi.

Jiya muka je wurin Malama. Ta ga takardar ba ta motsa ba, ta ce abin ya ɗaure mata kai, yaron da ya kawo takwas a mako biyu. Da sauran mata suka tafi ta ce in tsaya. Ta ba ni wata kwalba ta roba da ƙwallo a ciki, murfin a ɗaure tam, ta ce in yi wasa da shi yadda nake yi a gida, ita za ta ɗauka a wayarta mu kalla tare. Na zauna a ƙasa, na yi komai daidai. Na tabbata na ƙirga goma.

Ta kunna min. Ta ce kada in kalli fuskata, in kalli hannuna. Yaya, ya miƙo kwalbar, kafin ta taɓa cinyata hannuna ya riga ya kama murfin. Ta ƙirga da ƙarfi, ɗaya, bi, ko biyun ba ta ƙarasa ba na buɗe. Sau shida a minti biyar, ba inda na kai uku. Sai ta mayar baya, ta rage gudun hoton, ta ce yanzu in kalli bakinsa. Na ga leɓɓansa sun haɗu, kumatunsa sun ɗan cika da iska, yana shirin cewa "bu". A daidai nan ƙwallon ya faɗo hannunsa. Sai bakin ya saki, ya juya. Ɗana yana zuwa da maganarsa har bakin ƙofa, ni nake mayar da ita.

Na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka fita da babansa. Kuma na faɗa mata abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har ke.

Kin zo sau biyu lokacin jinyar, amma kwana uku-uku kika yi. Wata takwas ya yi bayan shanyewar ɓarin jikin nan, harshensa bai dawo ba. Mutumin da in yana gyaran firiji a gidan mutane sai sun ba shi kujera don daɗin hirarsa. A farko yakan yi ƙoƙari. Zai so ya ce ruwa, sai jijiyar wuyansa ta tashi, bakin ya karkace, yawu ya zubo, wani sauti ya fito da ba nasa ba. Sai ya rufe ido don kunya, hawaye na bin gefen kunnensa. Ran nan na yi wa kaina alkawari ba zai sake wahala a kan kalma ba muddin ina raye. Na koyi idonsa. In ya kalli ƙofa, fitsari ne. In ya lashi leɓe, ruwa. In ya motsa babban yatsa, a juya shi. Na kai inda kafin ya san yana so na kawo. Wata takwas ɗakinmu ba mai roƙon komai. Manaja yana rarrafe a tsakaninmu, yana kallo, lokacin da ya kamata a ce yana kwasar magana.

Shi ya sa in yaron nan ya ɗago kai ya haɗa leɓe, ba shi nake gani ba. Goshinsu ɗaya, kin sani. Ƙirga goman nan da ake cewa in yi, a wurina kamar in tsaya ne ina kallon ubansa yana shan wuya, ruwa na hannuna, in ƙi ba shi.

Malama ta bar ni na gama. Ta ce kada in ɗora wa kaina, yara da yawa suna jinkirin magana a gidajen da ba a taɓa jinya ba, kuma ba wanda zai iya cewa ga dalili. Ta ce abin da na yi wa mijina jinƙai ne, amma shi wancan kalmominsa sun tafi ne, wannan kuwa nasa suna hanya, wuri suke nema. Daga nan na faɗa mata gaskiyar takardar. Na ce takwas ɗin nan ba nawa ba ne, na wata tsohuwa ce mai ciwon gwiwa wadda in yaro ya nemi abu sai ta gama layin saƙarta, ta soke allura, ta gyara zama, kafin ta miƙa hannu. Malama ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wannan tsohuwa da za a ba ta aiki a asibitin da an huta. Na ji haushin dariyar, ban ɓoye miki ba. Ta ce in mayar da shi, kuma ni ma in riƙa zama a ɗakin in ga yadda take yi.

Na ce to. Amma da muka dawo na sake wuce ƙofarta da sauri. In je in zauna ɗaliba a gaban matar da ɗana ya fi so, bayan ƙaryar da na yi mata a kan gwiwarta? Ban san da wane ido zan kalle ta ba.

Ki yi min addu'a, ba ta yaron kaɗai ba.

Ƙanwarki,
Auta


Laraba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwa gare ki da maigida da yarana duka. Na ji daɗi da kika ce bayan ya saki har kina iya sunkuyawa. Rigar da kika aiko wa Manaja ta yi masa daidai, sai hannun da na naɗe sau ɗaya. Allah ya saka da alheri.

Na mayar da shi. Ba jarumta na yi ba. Ranar Lahadin da ta wuce waccan muna saukowa, ya zame daga hannuna ya shige ɗakin kai tsaye, dole na bi shi. Ya haye cinyarta ya cusa fuska a wuyanta. Ta ce, "Maraba da Manaja, an dawo daga taro?" Ni kuma ta ce in shigo in daina tsayuwa a ƙofa kamar mai karɓar kuɗin wuta. Ba ta tambaye ni komai ba. Na fara cewa dama gwiwar, ta ce gwiwa tana nan inda na bar ta, in zauna.

Na zauna a bakin katifa ina kallo. Abin da na gani ya ba ni haushi don sauƙinsa. Ba ta yin komai, Yaya. Ya kawo bokitin, ta dube shi ta ɗaga gira, ta yi shiru. Na ƙirga a zuci har goma sha huɗu. Ni a wurin kamar in tashi in fizge bokitin. Sai ga shi, "bu". Bayan wata guda da kwanaki, ya ajiye mata shi kamar jiya suka rabu.

Da ya sake rufe murfin, don wasan ke nan, sai ya waiwayo ya kawo min. Hannuna ya tafi. Iya ta ce, "Kai, 'yar nan, wannan hannu naki ko ɓarawon kasuwa albarka." Ta jawo wani dogon naɗin zaren ulu, irin wanda sai an sami mai riƙewa kafin a dunƙule shi. Ta ce in miƙo hannu biyu, in ware su. Ta zura min shi a wuyan hannu, wai kujerar da take rataya shi a ƙafafunta ta karye. Ga kujerar nan a gefenta lafiyarta ƙalau, ina kallo. Ta ce in na sauke hannu zaren zai cukurkuɗe, kuma na masu oda ne, rigar jariri za a yi, sai in san abin da zan faɗa musu. Ta kama bakin zaren ta fara naɗi a hankali, kamar wadda aka ba shekara.

Manaja ya ɗora bokitin a cinyata. Ya dube ni. Ya dubi hannuwana a sama cikin zare. Ya tura bokitin ya bugi cikina. Goshin nan ya tattare, leɓɓan suka haɗu. Yaya, gumi ya keto min har tafin ƙafa. Na ji muryar Iya ƙasa-ƙasa tana cewa, "Riƙe min zarena, ba mutuwa zai yi ba." Na ƙirga. Na wuce biyar, ina ganin gadon jinya. Na wuce bakwai, hawaye na zuba, ba hannun sharewa. A tara ya ce, "Bu." Idonsa cikin nawa.

Na ce, "Buɗe." Iya ta zare min zaren daga hannu ɗaya, na buɗe masa. Ya kwashi dunƙulensa ya tafi, ko a jikinsa. Ita kuma ta ce saura naɗi shida, in dawo gobe in na taso aiki.

Kwana goma ke nan ina zuwa riƙon zare. Na lura wanda muka dunƙule jiya shi take warwarewa ta sake ba ni yau, ban ce mata na gani ba. A sama kuma ni kaɗai nakan zauna a kan hannuwana, in danne su da cinya. Jiya na kai takwas ba zare. Na cire tsohuwar takardar na karɓo sabuwa, kuma na gaya wa matan nan biyar gaskiya, mai 'yan biyun ta ce dama ta yi mamaki, don ta ga yadda nake fizgar jaka. A sabuwar akwai uku, nawa na kaina: bu, zo, ƙari. Zaren Iya, da na mayar mata, ya kai ƙulli goma sha tara.

Kin ga har yanzu ina ƙirga nata. Kishin bai tafi ba, ya dai koma gefe ya zauna. In ya faɗi ƙasa, wurinta yake gudu. In ya ce "Iya" yakan ja ƙarshen kamar waƙa, sai in ji abin ya soke ni, in yi murmushi a haka.

Na tambayi Malama me ya sa ya iya "mage" bai iya "Umma" ba. Ta tambaye ni wa yake kirana Umma a gabansa. Na fara lissafi. A wurin aiki Walƙiya ce. Iya 'yar nan take ce min. Ke Auta. Babansa ne kaɗai yake cewa je wurin Ummanka, kai wa Umma, ina Umma, kuma bakinsa ya rufe tun yaron yana da wata goma sha uku. Shekara ɗaya da rabi ba wanda ya faɗi sunan nan a ɗakinmu. Ita Iya kullum cikin kiran kanta take, Iya ta buɗe, Iya ta gaji, Iya za ta sha ruwa. Malama ta ce in riƙa yin haka ni ma, kuma na fara, ko da yake nauyi yake min a baki. Amma ta ce abin da ya fi saurin kamawa shi ne ya ji wani yana kirana, yana nuna ni, in na shigo a ce ga Umma, in na ɓuya a ce ina Umma. Ta ce in nemi wanda yaron ya fi saurara.

Kin san ko wace ce. Sau uku ina shirya maganar a kan matakala, in na shiga sai in ce yaya gwiwa. Ina jin ta sani, don shekaranjiya da zan fita ta ce, "Akwai magana ne, 'yar nan?" Ta ɗaga min gira irin yadda take yi masa, ta yi shiru, allura a tsaye. Na ce babu. Ta ce to, ta ci gaba da saƙa. Matar nan ba za ta ba ni ba sai na buɗe baki.

Ki gaida kowa da kowa. In yara sun sami hutu ki turo min babbar ta kwana biyu, gidan zai ɗan yi hayaniya. Sabulun da kika ce in saya na saya, yana cikin jakata.

Ban roƙe ta ba tukuna, ban kuma ba ta haƙuri ba. Shi ma har yau bai kira ni ba.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta